Takardar shaidar dangi a Indiya: ina jikar wanda bai taɓa shiga aji ba za ta samo hujjar 1950?

Abba_Pune
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Tambaya gare ni ga waɗanda suka daɗe a Indiya, musamman masu ilimin shari'a. Ni ɗalibin harhaɗa magunguna ne a Pune. Akwai abokin karatuna ɗan nan jihar Maharashtra, tun zuwana shi ya riƙe ni kamar ɗan'uwa. Ƙanwarsa ta ci jarrabawar shiga kwalejin injiniya, kuma makinta ya isa ta samu gurbi a cikin kason da gwamnati ta keɓe wa 'yan Dalit, wato dangogin da a da ake ƙyamar ko taɓa su. Tana da takardar shaidar dangi da gwamnati ta ba ta tun tana sakandare. Yanzu an ce ita kaɗai ba ta isa ba, sai an haɗa da wata ta biyu mai tabbatar da ta farkon. Masu bayarwar kuma suna son hujja a rubuce cewa kakanninta 'yan wannan dangi ne, kuma a jihar suke zaune tun kafin 1950. Kakan nan bai taɓa shiga aji ba, bai mallaki ko taki ɗaya na gona ba. A wace takarda za a ga sunansa? Mahaifinsu mai gadi ne, ya bar bakin aikinsa yana ta zirga-zirga tsakanin Pune da ƙauye, ga lokacin rufe rajista yana ƙaratowa.

Da farko ina neman mafita da zan kai musu. Sannan abin ya ɗaure min kai: ƙasar da ta ce ta soke wannan bambanci, yaya kuma ita ce take buga wa mutum hatimin danginsa?

Hajiya_Binta_Kano
Wa alaikumus salam. Ikon Allah! Ni na zaci abin nan ya wuce tun tuni, a finafinai kawai ya rage. Ashe har gobe ana rubuta wa mutum asalinsa a takarda? Allah ya ba yarinyar nan sa'a.

Dr_Nura_Noida
Hajiya, ai yana nan daram. Abba, bari in ɗauki tambayarka ta biyu, ta farkon in bar wa Barista.

Abin da sashe na 17 na tsarin mulkin Indiya ya haramta shi ne ƙyamar mutum da ware shi saboda asalinsa. Dangogin kansu, da suke kira jati, ba su ɓace ba. Da su ake duba aure har yau, a ƙauyuka da yawa da su aka raba unguwanni. Wanda ya shugabanci kwamitin rubuta tsarin mulkin, Dokta B. R. Ambedkar, shi kansa ɗan Dalit ne. Yana yaro a makaranta ba a barinsa ya taɓa abin shan ruwa, sai masinja ya tsiyaya masa daga sama. Mutumin da ya taso a haka ya san cewa don an rubuta "kowa daidai yake" ba shi zai sa yaron mai kwasar shara ya samu kujera a jami'a ba. Shi ya sa da tsarin ya fara aiki ranar 26 ga Janairu 1950 ya zo da damar keɓe gurabe.

Akwai jerin sunayen dangogi da gwamnati ta fitar. Na 'yan Dalit shi ne SC, na ƙabilun daji da tsaunuka shi ne ST. A ƙidayar 2011, SC sun kai kashi 16.6 cikin 100, ST kashi 8.6. A ayyuka da makarantun gwamnatin tarayya, SC na da kashi 15, ST kashi 7 da rabi. Daga baya aka ƙaro OBC, sauran dangogin da aka bari a baya, da kashi 27. Kwamitin Mandal ne ya ba da shawarar a 1980, Firaminista V. P. Singh ya zartar a 1990, ƙasa ta ɗauki zafi, ɗalibai har da masu cinna wa kansu wuta. Kotun Ƙoli ta amince a 1992, amma da sharaɗin a cire masu hali daga cikin OBC, kuma jimillar kason kada ta haura rabi. A 2019 aka ƙara kashi 10 ga talakawan dangogin da ba su cikin ko ɗaya daga ukun nan, shi ne EWS. Ko a majalisar wakilai, cikin kujeru 543, 84 na SC ne, 47 na ST.

To ka ga inda takarda ta shigo. Kujera a manyan makarantun tarayya irin IIT na injiniya ko AIIMS na likitanci, ko aiki a hukumar jiragen ƙasa abu ne da ke sauya rayuwar zuriya gaba ɗaya, kuma ba a gane dangin mutum a fuska. Dole wani ya sa hannu.

Barista_Hauwa
Wa alaikas salam ƙanena. A yawancin jihohi, takardar farko daga ofishin tahsildar, wato jami'in mulkin ƙaramin yanki da ake kira tahsil, ko jami'in da ke samansa take fitowa, bayan ma'aikacin filaye na ƙauye ya shaida. Yanzu ta intanet ake cikewa: Aaple Sarkar a Maharashtra, MeeSeva a Telangana da Andhra, RTPS a Bihar. Wanda ba shi da kwamfuta ya je cibiyar CSC ta unguwarsu, inda ake cike wa mutane fom ɗin gwamnati ta intanet.

Ta biyun da ake nema a wurin yarinyar nan asalinta wata shari'a ce ta 1994, ta Madhuri Patil, inda Kotun Ƙoli ta ga takardun bogi sun yi yawa, ta ce jihohi su kafa kwamitocin tantancewa. Maharashtra ta fi kowa ɗaukar abin da zafi, ta yi masa doka ta musamman. Ga SC da ST ana duba 1950, ga OBC 1967. Ta shafin BARTI, wata cibiyar gwamnatin jiha da ke nan garinku Pune, ake shigar da buƙata, sannan a kai fayil hannun kwamitin gundumar da ta ba da takardar farko.

Abin da nake so ka gaya musu: ba lallai sai takardar kakan shi kansa ba. Duk wani ɗan'uwa na jini ta wajen uba yana yi. Wan kakan, ƙanensa, uban kakan. Su nemi littafin haihuwa da mutuwa na ƙauye, wanda tsoffin kundayensa ke ajiye a ofishin tahsil, don a can ana rubuta dangi a gaban suna ko da mutum bai yi boko ba. Su duba rajistar makarantar firamaren ƙauyen ko akwai wani daga gidan da ya taɓa shiga, ko da shekara ɗaya ya yi. Abin da ya fi duka ƙarfi: in akwai baffa ko ɗan baffa da ya riga ya samu takardar tantancewa, su ɗauko kwafinta, su haɗa da takardar rantsuwa mai nuna salsalar gidan. Babbar Kotun Bombay ta yanke tun 2010 cewa ba a tabbatar wa ɗan'uwa na jini sannan a hana ɗaya, sai in an gano maguɗi a ta farkon.

In duk babu, kwamitin yana da sashen bincike da ke zuwa ƙauye ya tambayi dattawa. Wannan hanyar ce take cin lokaci.

Abba_Pune
Na gode ƙwarai Anti Barista, Allah ya ƙara basira. Na kira shi yanzu. Ya ce su 'yan Mahar ne, daga wani ƙauye a yankin Marathwada. Amma ga wata matsala: a takardar makarantar mahaifinsu ba Mahar aka rubuta ba, an rubuta mabiyin Buda ne. Ya ce nan ne ma'aikacin da ya karɓi fayil ɗin ya tsaya.

Barista_Hauwa
Wannan sananniyar matsala ce, kuma ba ta kashe magana. Mahar ai dangin Ambedkar ne. Ranar 14 ga Oktoba 1956 a Nagpur ya bar addinin Hindu ya koma na Buda tare da ɗaruruwan dubban mutanensa, sauran 'yan Mahar suka bi sahu ƙauye bayan ƙauye. Daga nan sai suka daina rubuta tsohon sunan a makaranta, don daga gare shi suke gudu. Tun 1990 doka ta amince mabiyin Buda da ya fito daga dangin SC yana nan a SC. Abin da ake so kawai shi ne takarda ɗaya ta kafin sauyin da ke nuna Mahar.

Su kuma suna da wata ƙofa da wasu ba su da ita. A da 'yan Mahar su ne bayin aikin ƙauye na gado, masu gadi da kai saƙo da janye mushe, ana ba su 'yar gona a madadin lada, ana kiranta watan. An soke tsarin a ƙarshen shekarun 1950, amma sunayen gidajen da suka riƙe irin wannan gona suna cikin tsoffin kundayen filaye. Haka in wani a gidan ya yi soja, don akwai rundunar Mahar tun 1941.

Yakubu_Filato
Ina karanta wannan jikina ya yi sanyi, don na san zafinsa. A nan aka haife ni, a nan aka haifi babana, amma da na je neman takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma don aikin gwamnatin tarayya, aka ce in koma inda kakana ya fito. Na je can, mai unguwa ya ce bai san gidanmu ba, dagaci ba zai sa hannu a kan wanda mai unguwa bai sani ba. Aikin ya wuce ni ina ji ina gani. Mu ma ai muna da namu: sashe na 14(3) na tsarin mulkin 1999, da hukumar raba daidai da aka kafa a 1996, da kason shiga jami'o'in tarayya, 45 na cancanta, 35 na yankin da jami'a take, 20 na jihohin da ke baya a boko. Bambancin dai namu da gari ake aunawa, nasu da jini.

Injiniya_Sadiq
Ku yi haƙuri, ni ra'ayina ya bambanta. Ina tausayin yarinyar, amma tsarin ne ban yarda da shi ba. Na yi digiri na biyu a Bengaluru, na ga yaro ɗan Brahmin, dangin da ake ɗauka na sama, wanda ubansa ɗan ƙaramin mai hidimar wurin bauta ne, talaka futuk, ya fi wani maki nesa ba kusa ba amma ya rasa gurbi, wancan kuwa ubansa babban ma'aikaci ne. Da EWS yanzu kason tarayya ya kai 59 da rabi, a Tamil Nadu na jiha 69 ne. Kuma asali ai na shekara goma aka ce za a yi, ga shi an haura saba'in. Duk ranar da ka ba mutum takarda mai amfani a kan danginsa, ka ba shi dalilin riƙe dangin nan har abada. Dubi yadda manyan dangogi masu gonaki irin Maratha da Jat da Patidar suke cika titi suna neman a rubuta su cikin 'yan baya.

Dr_Nura_Noida
Injiniya, gyara ɗaya. Wa'adin shekara goma na kujerun majalisa ne kawai, sashe na 334, kuma ana ta sabunta shi, na yanzu zai kai 2030. Na karatu da na aiki ba a taɓa sa musu wa'adi ba.

Zainab_Hyderabad
Yaya Sadiq, yaron da ka ambata talauci ne ya dame shi, kuma saboda irinsa aka yi EWS. Amma ba a taɓa hana shi haya don sunan gidansu ba, ba a taɓa ware masa kofin shayi a rumfar ƙauye ba. Ka tsaya ka duba su waye ke shiga ramin masai da magudanar ƙazanta a biranen nan. An haramta aikin a dokar 2013, amma har yau ana mutuwa a ciki, kuma kusan dukkansu 'yan Dalit ne. Ba a yi tsarin don talauci kaɗai ba, an yi shi ne don wulaƙancin da ake gada.

Maganar cancanta kuma, ni likitanci nake karantawa. A jarrabawar NEET ta shiga likitanci an sassauta musu matakin shiga, gaskiya ne. Amma da an shigo, jarrabawa ɗaya muke rubutawa, majinyaci ɗaya muke dubawa, babu wanda ake ba digiri da ragi.

Ni abin da ya fi ci min rai a labarin Abba shi ne wannan: an hana kakan shiga makaranta, an hana shi mallakar gona, yau kuma an ce jikarsa ta kawo rajistar makaranta ko takardar gona. Kamar ka hana mutum shiga kasuwa ne sannan ka tare shi ka ce ya nuna rasit. Wanda aka fi zalunta shi ne ya fi kowa rashin takarda. Ƙabilu masu yawo da ba su taɓa zama a ƙauye ɗaya ba, su kam ko takardar farkon da yawansu ba su da ita.

Injiniya_Sadiq
To ai kin faɗi abin da nake faɗi ta wata ƙofa, ƙanwata. In mai takarda shi ne wanda gidansu suka riga suka yi boko, ashe gidaje ɗaya ne ke ta ci, uba ya ci, ɗa ya ci, jika ya ci. Na can ƙasa bai ma san ana rabo ba.

Dr_Nura_Noida
A nan kam kana da hujja. Kwamitin Mai Shari'a Rohini da aka kafa a 2017 ya duba ayyuka da guraben karatun tarayya na OBC, ya tarar kusan kashi 97 cikin 100 sun tafi ga kashi ɗaya cikin huɗu na dangogin, kusan dangogi 1,000 kuma ba su samu komai ba. Ranar 1 ga Agusta 2024 Kotun Ƙoli, alƙalai shida cikin bakwai, ta ba jihohi damar rarraba kason SC don na ƙasa-ƙasa su samu nasu. Sai dai ni a ganina wannan dalilin gyara ne, ba na rushewa ba.

Malam_Tanko
Ni tambayata ita ce ina Musulmin Indiya a cikin wannan lissafi? Ina zaton su babu ruwansu da shi, tunda a Musulunci fifiko da taƙawa ne, babu wani ɗan sama da ɗan ƙasa.

Ustaz_Aligarh
Allah ya gafarta Malam, a addini haka yake, amma a zaman yau da kullum abin ya bi su. Na zauna cikinsu shekaru. Akwai Ashraf, masu danganta kansu da Larabawa da Farisa da Turkawa, irin su Sayyid da Mughal da Pathan. Akwai masu sana'ar gado: Ansari masaƙa, Kureshi mahauta, Salmani wanzamai, Mansuri masu shiɓar auduga. A ƙasa kuma akwai masu shara irin Halalkhor. Waɗannan na baya suna kiran kansu Pasmanda, kuma su ne mafi rinjaye. A masallaci sahu ɗaya ne, amma je ka nemi aure ka gani.

Ta fuskar takarda, da yawa daga dangogin Musulmi suna cikin OBC, suna karɓar takardarsu kamar kowa. ST ma ba ruwansa da addini. Inda aka rufe ƙofa shi ne SC. Umarnin shugaban ƙasa na 1950 ya ce sai Hindu, aka ƙara Sikh a 1956, aka ƙara mabiya Buda a 1990. Musulmi da Kirista har yau suna waje. Mutum biyu 'yan gida ɗaya, aikin shara ɗaya, wulaƙanci ɗaya, ɗaya ya musulunta, shi ke nan ya fita daga jerin. Kwamitin Ranganath Misra ya ba da shawara a 2007 a cire sharaɗin addinin, ba a aiwatar ba. A 2022 aka sake kafa wani ƙarƙashin tsohon Alƙalin Alƙalai K. G. Balakrishnan.

Ko ta OBC ɗin ma ba ta da tabbas. A Mayun 2024 Babbar Kotun Kolkata ta soke matsayin dangogi 77 a jihar Bengal ta Yamma, akasarinsu Musulmi, ta ce ba a bi ƙa'ida wajen sa su ba. Yara suka wayi gari takardar da ke hannunsu ba ta aiki.

Inna_Rabi
Ustaz, da ka ce masaƙa da mahauta da wanzamai sai na ji kamar a gida ake magana. Mu daina nuna Indiya da yatsa. A garinmu an fasa auren 'yar ƙawata bayan an kai kuɗin gaisuwa, don kawai an binciko kakan yaron mahauci ne. Yaron kuwa ma'aikacin banki.

Baffa_Kumasi
Inna, akwai wannan, kuma abin kunya ne. Amma kada mu haɗa su. Wanzami a wurinmu kwano ɗaya muke ci da shi, shi ake kira ranar suna a karrama shi. Ba a taɓa hana mahauci ɗiban ruwa a rijiyar gari ba. Namu ya tsaya a bakin aure da sarauta, nasu ya kai ga ruwan sha da maƙabarta.

Kabiru_Delhi
Jama'a an yi nisa, yarinya kuma lokaci na ƙure mata. Abba, gaskiyar magana a bakin kowane irin ofishin nan akwai 'yan kan-ta-waye da suka san hanya. A ba su wani abu su fito da takardar cikin sati, tunda dai gaskiya ce 'yar Mahar ce, ba ƙarya za a yi ba.

Barista_Hauwa
Malam Kabiru, don Allah a'a. Abba, kada ka kai musu wannan shawarar. Hanyar da irin mutanen nan suka sani ita ce cusa suna a tsohon littafi da sabon alƙalami, sashen bincike kuma abin da ya fi ƙwarewa a kai ke nan, yana zuwa ya buɗe ainihin littafin ya duba tawada. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Takarda ɗaya ta bogi tana rushe fayil ɗin mai gaskiya, ta shafi har ƙannenta. Dokar Maharashtra ta tanadi ɗaurin wata shida zuwa shekara biyu. A 2017 kuma Kotun Ƙoli ta ce duk wanda takardarsa ta faɗi, aikin ko digirin da ya samu da ita ya tafi, ko shekara nawa aka yi.

Ko masu ƙarfi ba su tsira daga wannan bincike ba. Navneet Rana tana 'yar majalisar tarayya daga Amravati Babbar Kotun Bombay ta soke takardarta a 2021, sai a Afrilun 2024 Kotun Ƙoli ta mayar mata. Ita tana da lauyoyin da za su bi mata shari'a shekara uku. 'Yar mai gadi fa?

Maman_Ilham
Ni ba 'yar boko ba ce sosai, amma na zauna jinyar maigidana a Chennai. Matar da ke share ɗakinmu daga Bihar suka zo, mun saba da ita ta bakin tafinta. Ranar nan na ganta tana kuka, ashe ɗanta ne ya gama sakandare da sakamako mai kyau, yana da takardar SC ɗinsa, amma aka ce ba ta aiki a kwalejojin jihar tunda asalinsu ba 'yan nan ba ne. Yaron a Chennai ya tashi, Tamil yake ji kamar jakin Kano da Hausa. Na rasa abin da zan ce mata. Da na ga maganar Yakubu sai ta faɗo min a rai.

Dr_Nura_Noida
Hajiya, haka dokar take. Kowace jiha da jerinta, kuma Kotun Ƙoli ta faɗa a 1990, ta maimaita a 2018, cewa wanda ya yi ƙaura ba ya cin kason jihar da ya koma. Abin da ya rage wa irin yaron nan shi ne na tarayya: IIT, NIT, jami'o'in tarayya, aikin jirgin ƙasa da bankunan gwamnati, nan takardarsa tana aiki ko'ina. 'Yan OBC kuma suna da wani tarkon, jerin jiha daban, na tarayya daban. Dangi na iya kasancewa a na jiha babu shi a na Delhi, yaro ya je tantancewa da takardar jiha a mayar da shi layin kowa da kowa.

Musa_Funtua
Amma na ji an ce duk wanda ubansa ke samun sama da rufi 800,000 na kuɗin Indiya a shekara ba ya cikin rabon, kuma takardar duk shekara ake sabuntawa. Ko ita ma yarinyar sai ta kawo wannan?

Zainab_Hyderabad
Malam Musa, wannan iyakar ta OBC ce da EWS, ba ta shafi gurbin SC da ST ba. A OBC an fara da rufi 100,000 a 1993, aka riƙa ɗagawa har ta kai 800,000 a 2017. Takardar da ke nuna ba ka cikin masu hali ita ce ake son sabuwa, manyan jarrabawa kan ce sai wadda aka bayar daga 1 ga Afrilu na shekarar. Ta dangi kuwa sau ɗaya ce a rayuwa. Inda kuɗin shigar iyaye zai shafi yarinyar nan shi ne tallafin karatu na tarayya ga 'yan SC, wanda iyakarsa rufi 250,000 ce. Mai gadi ba zai kai nan ba, don haka Abba ka tuna musu su nemi takardar shaidar kuɗin shiga tun yanzu, kada a samu gurbi a rasa kuɗin makaranta.

Ummu_Khalil
Barista, kin yi ta cewa ta wajen uba. To yaran da uwa ce ta raine su ita kaɗai, uban ya gudu ko an rabu ba daɗi?

Barista_Hauwa
'Yar'uwa, nan ma ana kuka sosai. Ƙa'idar ita ce yaro na bin uba, aure kuma ba ya sauya wa mace danginta. Amma a 2012 Kotun Ƙoli ta ce wannan ba dutse ba ne, yaro na iya kawo hujjar cewa a cikin dangin uwarsa ya tashi, ya sha abin da suke sha. Matsalar ita ce fom ɗin da ke kan tebur takardun uba yake tambaya, mata da yawa sai sun kai ga kotu kafin a saurare su.

Abba_Pune
Jama'a na gode, Allah ya bar zumunci. Ga inda aka kwana. Babu wanda ya taɓa yin tantancewa a gidansu, ita ce ta farko da ta kai wannan mataki, shi abokin nawa a gurbin kowa da kowa ya shiga. Amma wata tsohuwa a ƙauyen ta tuna cewa wan kakansu ya riƙe gonar watan. Mahaifin ya je ofishin tahsil, an fito masa da wani tsohon kundi, sai dai rubutun ciki babu wanda ya iya karantawa, har ma'aikatan. An karɓi fom ɗin yarinyar na shiga kwaleji da rasit ɗin da ke nuna ta nemi tantancewa, amma an ce in takardar ba ta fito ba kafin ranar da aka sa, za a mayar da ita layin kowa da kowa, a can kuma makinta ba zai kai ba.

Ustaz_Aligarh
Abba, Marathwada a ƙarƙashin Nizam, sarkin Hyderabad, take har Satumban 1948, kuma Urdu ne harshen mulkinsa. Kundayen ƙauye kuwa da yawa da rubutun Modi aka yi su, tsohon salon rubuta Marathi da 'yan yanzu ba su iya ba. Irin kundayen nan ne aka yi ta tonowa tun 2023 lokacin da 'yan Maratha ke neman hujjar cewa kakanninsu Kunbi ne, wani dangin manoma da ke cikin OBC, saboda haka masu karanta Modi sun samu a yankin. In haruffan sun yi kama da ajami, Urdu ne, ɗauko hoto ka turo min ta akwati in duba ko sunan yana ciki kafin su kashe kuɗi. In kuwa ka ga rubutu a jone yana rataye a jikin layi, Modi ne.

Barista_Hauwa
Karatun Ustaz zai nuna musu ko shafin ne, amma kwamiti ba zai karɓi hoto ba. Su nemi kwafi mai hatimin ofishin, da fassarar wanda hukuma ta yarda da shi, da rantsuwar salsala da ta haɗa wan kakan da yarinyar suna bayan suna. Su rubuta wa kwamitin wasiƙa su maƙala takardar da ke nuna ranar rufe rajista. In ranar ta matso ba a ce komai ba, Babbar Kotun Bombay tana da reshe a Aurangabad mai kula da Marathwada, kuma ta saba ba kwamiti umarnin yanke hukunci cikin kwanaki ƙayyadaddu. 'Yan SC suna da haƙƙin lauya kyauta daga hukumar taimakon shari'a ta gunduma.

Injiniya_Sadiq
Ina yi mata fatan alheri da zuciya ɗaya, kuma Abba in kuɗin fassara ya gagara ka yi min magana. Amma ina nan a kan bakana. Yarinya mai ƙwaƙwalwar injiniya, makomarta ta rataya a kan ko asu ya ci wani shafi ko bai ci ba. Da halin da gidansu ke ciki yau aka duba, albashin mai gadi ya isa hujja.

Zainab_Hyderabad
Albashi ai ya fi dangi sauƙin ɓoyewa, Yaya Sadiq, a ƙasar da yawancin mutane ba su da takardar albashi. Abba, ka tambaye shi ko sunan wan kakan ya fito a wata takarda ta mahaifin, ko da ta rabon gado ce ko tsohon katin rashan, don mahaɗin nan shi kwamiti zai fara nema.